Wai takin gargajiya ne ya kayar da Sri Lanka, ko rashin dala?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan la'asar na je sayen yuriya, da mai shago ya faɗa mini kuɗin buhu sai na juya ban saya ba. Na dawo gida ina cewa wallahi bana kashin shanu da na kaji zan zuba wa shinkafata, na huta. Sai ƙanena ya ce, "Yaya, kar ka yi irin ta Sri Lanka." Wai ƙasar nan sun daina takin zamani rana ɗaya, yunwa ta kama su har suka kori shugabansu. Ni dai ban san Sri Lanka ba sai a jikin kwalin ganyen shayi. Masu ilmin cikinmu, ku warware mini: takin gargajiyar ne ya kashe su ko da wata a ƙasa?

Baban Hafsa: Wa alaikumus salam. Ƙanenka ya faɗi gaskiya amma rabi ya faɗa. A ƙarshen watan Afrilun 2021 shugabansu Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin zamani da magungunan feshi gaba ɗaya, ya ce ƙasar za ta koma noma ba tare da sinadari ba. A watan Nuwamba na shekarar suka janye dokar, ko wata takwas ba ta yi ba. Amma kafin nan an riga an shuka babbar damina babu taki. A Yulin 2022 mutane suka kutsa fadarsa a Kolombo, ya gudu ya bar ƙasar. Sai dai ba takin kaɗai ya kore shi ba. Babu fetur, babu gas na girki, babu magani a asibiti, ana ɗauke wuta awanni da yawa kullum.

Mai Shayi Sabon Gari: Ikon Allah. Su da ke sayar wa duniya ganyen shayi?

Malamin Gona: Malam Ɗan Fadama, bari in fara da lissafin da ya shafe ka kai tsaye, sannan mu koma tsibirin, don lissafin iri ɗaya ne.

Abin da shinkafa ke nema a yuriya shi ne naitirojin. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Takin shanu da ya ruɓe, yawanci kashi 1 ne zuwa 2 cikin 100. In ka ɗauki kashi 1, kana buƙatar fiye da tan 2 na taki kafin ka kamo buhu ɗaya tak na yuriya. Kuma ba duka yake saki a shekarar farko ba, a hankali yake narkewa. To yanzu ka ninka wannan da gonakin ƙasa guda. Ina shanun? Ina motocin ɗauka? Ina man da motocin za su sha? Sri Lanka ba ƙasar makiyaya ba ce, ko madarar gari daga New Zealand suke sayo mafi yawanta. An ce wa manomi ya yi taki da kansa, amma babu abin yin takin.

Sannan irin da suke shukawa. Suna da cibiyar binciken shinkafa a Batalagoda, ita ta fitar da ire-iren da ake kira Bg, kuma kusan duk gonakin ƙasar sun koma ingantaccen iri tun shekaru da dama. Irin nan gajere ne, mai yawan 'ya'ya, amma da taki aka ƙera shi. Ka hana shi ci, sai ya tsaya yana kallon ka. Shanshera da suka girbe a 2021 ta haura tan miliyan 5, a 2022 ta sauko wajen tan miliyan 3.4. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Ƙasar da take cin shinkafarta ta koma saye daga Indiya da Myanmar, da dalar da ba ta da ita.

Ɗan Fadama: Tan 2 a buhu ɗaya? Malam ka karya mini gwiwa. Ni buhu huɗu nake zubawa.

Hajiya Mai Lambu: Ni kam ban yarda da yadda ake juya labarin nan ba. Duk lokacin da mutum ya ce a rage sinadari sai a ce "ka ga Sri Lanka". Shekara tara ina noman kayan miya da takin kaji da toka da ganye, ban taɓa sa kamfa ba, kuma tumatirina ya fi na maƙwabtana jure ajiya. Su ma mutanen can ba hauka suka yi ba. A yankin Anuradhapura da Polonnaruwa, inda ake noman shinkafa sosai, manoma sun daɗe suna mutuwa da ciwon ƙoda wanda ba na sukari ba, ba na hawan jini ba. Magidanta masu ƙarfi, su ne ke kwanciya. In gwamnati ta ce bari ta duba abin da ake zubawa a ruwa, laifi ta yi?

Malamin Gona: Hajiya, ciwon ƙodar gaskiya ne, ba wanda ya musa. Amma sunan da likitoci suka sa masa ma shi ne "ciwon ƙodar da ba a san sanadinsa ba". An zargi maganin ciyawa, an zargi ƙarafan da ke cikin taki, an zargi ruwan rijiyoyin yankin, an zargi aiki cikin zafin rana ba shan ruwa. Sun taɓa hana maganin ciyawar nan gilaifoset a 2015 a kan wannan zargi, a 2018 suka sassauta wa masu shayi da roba saboda ciyawa ta cinye gonaki. Kuma lambunki, Allah ya ƙara albarka, kadada nawa ne?

Hajiya Mai Lambu: Rabin kadada. Na san inda ka dosa.

Malamin Gona: To shi ne. Rabin kadada kajin unguwa sun ishe ki. Ciyar da mutum miliyan 22 wani abu ne dabam.

Hajiya Mai Lambu: Ban ce a yi rana ɗaya ba. Shi kansa shugaban nasu, a takardar alƙawuransa na zaɓen 2019, shekara goma ya ce za a ɗauka ana sauyawa. Me ya mayar da shekara goma dare ɗaya? Nan ya kamata ku duba, ba ku ɗora wa kashin shanu laifi ba.

Baban Hafsa: Hajiya ta taɓo wurin. Aljihu ne ya huje. Ku bi shi daki-daki. A Afrilun 2019 aka kai harin bama-bamai a coci-coci da otal-otal ranar Ista, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, alhali a 2018 sun kawo wa ƙasar sama da dala biliyan 4. Ƙarshen 2019 sabuwar gwamnati ta zabge haraji, harajin kayayyaki daga kashi 15 ya koma 8. Sai korona ta rufe komai. Ga bashin waje ana biya da dala. Taki kuwa gwamnati ce ke sayo shi da dala ta raba wa manoma da rangwame, daga baya ma kyauta, abin da ke cin ɗaruruwan miliyoyin dala a shekara. Ni a ganina maganar lafiyar ƙasa riga ce aka sa wa rashin kuɗi. Mai gida ne ya rasa cefane ya ce wa iyali azumin nafila ya fi lada.

Mai Shayi Sabon Gari: Hahaha wallahi Baban Hafsa ka iya magana. Na san irin waɗannan masu gidan.

Direban Doha: Salamu alaikum. Na jima ina karantawa, bari in sa baki tunda ni da su muke kwana muke tashi. A kamfaninmu 'yan Sri Lanka sun fi goma, ɗaya ma ɗakinmu ɗaya shekara uku. Musulmi ne daga gabashin ƙasar, wajen Ampara, kuma gidansu manoman shinkafa ne. Lokacin da abin nan ya faru ina ganin sa kullum da dare a waya da babansa, wani lokaci har ya fita waje don kar mu ji.

Abin da ya gaya mini shi ne, su shekara kashi biyu ce. Akwai Maha, babbar damina, ana shuka wajen Satumba da Oktoba a girbe Fabrairu zuwa Maris. Akwai Yala, ƙarama, daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Agusta, wadda ta fi dogara da ruwan madatsa, kamar noman raninmu. Dokar ta zo ana cikin Yala, wasu suna da ragowar taki a ɗaki, wasu suka saya a ɓoye da tsada, aka lallaɓa. Maha ce ta kashe su. Ya ce babansa ya tsaya a gona yana kallon shinkafa ta yi ɗorawa, ganye rawaya, ba ta yi 'ya'ya a gindi ba. An kawo musu wani ruwan taki a 'yan kwalabe daga Indiya aka ce su fesa. Tsohon ya fesa, ya ce bai ga bambanci da ruwan rijiya ba.

Abin da ya fi ba shi haushi ba asarar ba ce. Cewa ya yi ba wanda ya tambaye su. Manoma sun yi ta zanga-zanga suna ƙona mutum-mutumin ministan gona, amma sai da lokacin shuka ya wuce aka saurare su. Kuma da aka ɗage dokar ba a dawo da rangwamen ba, sai ga yaƙin Rasha da Yukren a Fabrairun 2022, taki ya yi tashin gwauron zabi a duk duniya. An halatta maka saye, ba ka da abin saye. Ga kuma babu dizal ɗin da za a sa wa tarakta da injin girbi.

Abokin nan nawa albashinsa kusan duka gida yake turawa a shekarar. Da azumi muna shan wani kunun shinkafa da suke kira kanji, a can masallatai ke dafawa su raba wa unguwa, ya ce mini shekarar nan ko tukunyar masallacinsu sai da aka rage.

Ɗan Fadama: Allahu akbar. Allah ya saka masa da alheri, ɗa na gari ke nan.

Maman Sadik: Amin. Amma ni tambayata, ba sun ce a yi takin gargajiya ba? Me ya sa ba su sayo shi daga waje ba tunda nasu bai isa ba?

Baban Hafsa: Sun gwada, Maman Sadik, nan ma abin dariya abin kuka. Sun yi odar takin gargajiya daga wani kamfani a Chana. Da hukumar binciken tsirrai ta ƙasar ta auna samfur sai ta ce akwai ƙwayar cuta mai ruɓar da amfanin gona a ciki. Kamfanin ya musanta. Jirgin ya yi makonni yana shawagi a teku an hana shi sauke kaya, rigima ta kai har ofishin jakadancin Chana ya sa wani bankin gwamnatin Sri Lanka a baƙin littafi. A ƙarshe suka biya dala miliyan 6.7, taki kuma bai sauka ba. Sannan a farkon 2022 gwamnati ta ware kimanin dala miliyan 200 a kuɗinsu don biyan manoma diyya. Ka haɗa da kuɗin shinkafar da aka shigo da ita. An gudu daga kashe kuɗin taki, an kashe wanda ya fi shi.

Mai Shayi Sabon Gari: To ganyen shayin fa? Ni nan ne nawa.

Malamin Gona: Shi ma ya sha kashi. Daga kusan kilo miliyan 300 a 2021 ya sauko wajen miliyan 250 a 2022. Kuma shayi yana cikin manyan abubuwan da ke kawo musu dala, sama da biliyan 1 a shekara. Ka ga an yanke reshen da ake zaune a kai.

Tsohon Malamin Tarihi: 'Ya'yana, kun yi ta magana a kan shekara ɗaya. Ku ba tsoho dama ya ja ku baya kaɗan, don wannan tsibiri shinkafa ta daɗe tana naɗa sarki tana sauke shi.

Ƙasar ba ta kai jihar Neja faɗi ba. Kudu maso yammacinta ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma arewa da gabas, wanda shi ne kaso mafi girma, watanni ake yi babu ruwa. Sarakunansu na da, tun kafin haihuwar Annabi Isa, sun gane cewa mulki a nan shi ne tare ruwa. Suka gina dubban tafkuna, kowane ƙauye da nasa, a jere bisa gangare, wanda ya cika ya zuba wa na ƙasa da shi. Sarki Parakramabahu na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186 a Polonnaruwa, littattafan tarihinsu sun ce ya yi umarni kada ko ɗan ruwan sama ya kai teku bai amfani mutum ba. Tafkin da ya haɗa har yau ana ban-ruwa da shi, saboda girmansa teku suke ce masa.

Suna kuma da wata al'ada, betma. Shekarar da ruwan tafki bai isa kowa ba, ba a barin na kusa da ruwa ya noma nasa na nesa ya mutu. Sai a ware yankin da ruwan zai iya ɗauka, a rarraba wa duk manoman ƙauyen na wannan kakar, ko gonar ta waye. Ku da kuke faɗa a kan bakin kwata a noman rani, ku ji.

Da Turawan Ingila suka zo ba shinkafa ce a gabansu ba. Suka sare dazukan tsaunuka suka dasa kofi. Wata cuta ta bayyana a 1869 ta cinye kofin, suka koma shayi, wanda wani Bature James Taylor ya fara nomawa a 1867. Suka kwaso ma'aikata Tamil daga kudancin Indiya, abincinsu kuma a jirgi daga Indiya da ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Tun daga nan tsarin ya zauna: a sayar da shayi da roba da kwakwa, a sayo abin ci. Lokacin da suka sami 'yanci a 1948 babban kaso na shinkafarsu daga waje yake zuwa.

A 1952 suka ƙulla musaya da Chana, su ba da roba tan 50,000 a karɓi shinkafa tan 270,000 duk shekara. A 1953 gwamnati ta janye rangwame, mudun shinkafa ya tashi daga kwabo 25 na kuɗinsu zuwa 70. Ranar 12 ga Agusta ƙasar ta tsaya cik, aka harbe mutane, kafin shekara ta ƙare firaminista Dudley Senanayake ya ajiye aiki. A shekarun 1970 firaminista Sirimavo Bandaranaike ta rufe ƙofa ta ce a ci na gida. Aka kafa shingaye a hanya ana kama mai ɗauke da shinkafa fiye da ƙima, ana layin burodi tun asuba, mutane suka koma rogo. A zaɓen 1977 jam'iyyarta ta sha mummunan kaye. Wanda ya gaje ta, Jayewardene, shi ya hanzarta aikin madatsun kogin Mahaweli. Wannan ruwa, da sabon iri, da rangwamen taki da aka fara tun 1962, su uku suka kai ƙasar ga cin shinkafarta.

To ku lura. Ruwan nasu ne. Irin nasu ne. Takin na jirgi ne. Murhu ne mai duwatsu uku, ɗaya na aro.

Hajiya Mai Lambu: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ai ka ƙarfafa maganata ke nan. Kayan aro ba ya rufe katara. In har ciyar da kanka sai jirgi ya zo, ba ka ciyar da kanka ba. Ko ba daɗe ko ba jima dole su nemi hanyar rage dogaro da shi.

Tsohon Malamin Tarihi: Na ƙarfafa rabinta, 'yata. Dutsen aro ne, amma tukunya na kansa tana tafasa. Ba a zare shi sai an kawo wani.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga kowa. Ni abin da ban gane ba, tsibiri mai ruwa da itatuwa haka, dole sai shinkafa? Mu nan in hatsi bai yi ba akwai dawa, akwai wake, akwai rogo. Su ba su da na biyu?

Direban Doha: Suna da shi ɗan'uwa. Za ka yi mamaki, har tamba suna nomawa, kurakkan suke ce mata, suna tuƙa ta kamar tuwo su ci da miya. Akwai rogo, dankali, ayaba, kwakwa a kusan kowace miya. Akwai wani ƙaton ɗan itace da suke kira kos, ɗaya sai ya fi kan mutum girma nesa ba kusa ba, yana fitowa a jikin kututture, ana dafa shi ɗanye kamar doya, 'ya'yan cikinsa ma a dafa. Abokina ya ce laƙabinsa a wurinsu "bishiyar shinkafa", kuma a 2022 shi ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma fa cin shinkafa sau uku a rana ya zama jininsu. Kuma baki ya saba da kayan jirgi. Burodi da roti na fulawa ne, alhali ko zangarniyar alkama ɗaya ba a nomawa don kasuwa a ƙasar. Miyar da ba a rasa ta a kwanonsu ta adas ce, wannan jan waken ƙanana da Larabawa ke ci, shi ma daga waje, galibi Ostareliya. Sukari mafi yawa daga waje.

Baban Hafsa: Akwai ma lokacin, Yunin 2022, da gwamnati ta ba ma'aikatanta hutun kowace Juma'a na wata uku, ta ce su zauna gida su yi shuka a bayan ɗaki. Rabin dalilin babu man zuwa ofis ne.

Maman Sadik: A yi wa ma'aikatanmu haka mana mu gani, ko rabinsu za su san inda fartanya take.

Saurayin Zaure: Ni fa duk wannan surutun ban ga amfaninsa ba. Turawa ne suka shirya musu, masu kamfanonin taki. Duk ƙasar da ta ce za ta daina sayen kayansu sai sun durƙusar da ita don wasu su ji tsoro. Ku kuma kuna nan kuna taya su talla.

Malamin Gona: Ƙanena, wa ya sa hannu a dokar? Masanan aikin gona na jami'o'in ƙasar da kansu sun rubuta wa shugaban tun farko suna gargaɗi, ba a saurare su ba, wasu ma aka sauke su daga muƙamansu na ba da shawara. Kuma shi Gotabaya da bakinsa, a Afrilun 2022, ya ce hana manoma takin kuskure ne. Takin da aka hana ma mafi yawansa daga Chana da ƙasashen Larabawa yake zuwa.

Saurayin Zaure: Ai dole ya ce haka tunda an matsa masa. Kai dai malamin gona ne, da takin ake biyan ka.

Malamin Gona: Da da taki ake biya na da na sayi mashin.

Shugaban Zaure: Don Allah a kiyaye harshe. Saurayi, Malam ya girme ka, ka kawo hujja ko ka saurara. A ci gaba.

Ɗalibar Jami'a: Ina neman afuwa, ina da ƙarin bayani ga Ɗan Maraɗi. Ko an koma rogo da ayaba da kwakwa, akwai wata matsalar da ba a ambata ba, dabbobin dawa. Birai, ɗawisu, aladun daji da wani babban kurege suna cinye amfanin gona sosai. A 2023 har an yi maganar tura birai 100,000 Chana, masu kare dabbobi suka kai ƙara kotu, maganar ta mutu. A Maris na 2025 gwamnati ta sa mutane su fito su ƙirga birai da ɗawisun da ke gonakinsu cikin minti biyar, duk ƙasa lokaci ɗaya. Giwaye kuma sun fi muni. Sabbin gonakin da aka buɗe a yankin madatsu hanyar giwa ce tun asali. Duk shekara ɗaruruwan giwaye ke mutuwa, mutane fiye da ɗari su ma.

Mai Shayi Sabon Gari: Ɗawisun da masu kuɗinmu ke saye su ajiye a gida don ado, shi ne ɓarawon gona a can? Duniya.

Ɗan Maraɗi: Ƙirgar biri cikin minti biyar. In ya tsallaka gonar maƙwabci an ƙirga shi sau biyu ke nan.

Ɗan Fadama: To yanzu ya suke? Sun farfaɗo?

Baban Hafsa: Da sauƙi. Sun kasa biyan bashi a 2022, karo na farko tun 'yancinsu, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 90 cikin 100 wajen Satumbar shekarar. Indiya ta ba su bashin yuriya, asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya amince ya ba su kusan dala biliyan 3 a Maris 2023, noma ya dawo. Amma a ƙarshen 2024, sabon shugaba Anura Kumara Dissanayake yana hawa, sai ga ƙarancin shinkafa a kasuwa, ana zargin manyan masu injin casa da ɓoye kaya, har aka buɗe ƙofar shigowa da ita na ɗan lokaci. Farkon 2025 kuma gishiri suka shigo da shi daga Indiya, don ruwan sama ya hana na gida bushewa.

Maman Sadik: Gishiri? Ƙasar da teku ya zagaye?

Baban Hafsa: Shi fa.

Hajiya Mai Lambu: Maganar masu injin nan ta fi kama da abin da na sani. Manomi ya sayar da shanshera da arha lokacin kaka don ya biya bashi, mai sito ya ajiye, bayan wata huɗu manomin ya dawo yana sayen abinsa a mudu. Wannan ba ruwansa da irin takin da aka zuba.

Ɗan Maraɗi: Mu da ba mu da teku ma, in aka rufe iyaka jikinmu ke gaya mana. Tsibiri kuwa ba shi da ɓarauniyar hanya, ba mai shigo masa da buhu a bayan mashin cikin dare. In jirgi bai zo ba, bai zo ba.

Malamin Gona: Wannan gaskiya ne, kuma shi ne bambancinmu da su. Wani bambancin, Najeriya tana yin yuriyarta da iskar gas, a Fatakwal da Legas, har tana fitarwa. Amma kamfa da kuke saye, sinadarin fosfet ɗinsa daga Maroko yake zuwa, fotash ma daga waje. Mu ma muna da namu dutsen aron, bai kai nasu girma ba ne kawai.

Malam Ɗan Fadama, ga shawarata a kan gonarka. Kar ka zubar da ko ɗaya. Ka kai takin shanun tun kafin ka yi kaftu ya haɗu da ƙasa, zai riƙe maka danshi, kuma yuriyar da ka zuba ba za ta gudu da wuri ba. Yuriyar ka raba ta biyu ko uku, kar ka watsa duka lokaci ɗaya, kuma ka rage ruwan fangali kafin ka zuba. In buhu huɗu ya fi ƙarfinka, ka sayi biyu ko uku. Ka ware fangali ɗaya ka yi masa takin gida zalla, da kaka ka auna da kwano ka gani da idonka.

Hajiya Mai Lambu: In za ka yi gwajin ka yi shi shekara uku, ba ɗaya ba. Ƙasar da ta saba da yuriya ba ta sakin jiki a damina guda. Kuma ka nemi na kaji, ya fi na shanu ƙarfi, sai dai ka bar shi ya huce kar ya ƙone maka shuka.

Malamin Gona: A nan ba ni da ja, Hajiya.

Ɗan Fadama: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Biyu zan saya. Hajiya, mai kajin da kike saye a wurinsa, nawa yake ba da buhu yanzu, kuma yana kaiwa har gona ko sai na nemi kura?

Hajiya Mai Lambu: Sai ka nemi kura. Zan tambaye shi kuɗin gobe in Allah ya kai mu, na ji an ce masu masara sun riga sun kama rabin na wannan watan.